Litowa: Ƙauyen da Shawara Ta Gina, Umarni Ya Rushe

A ƙarshen shekarar 1960, saura shekara guda Tanganyika, wato babban yankin Tanzaniya ta yau, ta karɓi mulkin kai daga hannun Birtaniya, wasu samari kimanin 15 na reshen matasan jam'iyyar TANU da ke Peramiho suka ɗauki gatura da fartanyu suka nausa daji, suka sari wuri a wani waje da ake kira Litowa, a ƙasar Songea da ke kudu maso yammacin ƙasar. Jagoransu shi ne sakataren reshen, Ntimbanjayo Millinga. Gwamnati ba ta aike su ba, ba kuma wanda ya ɗauki nauyinsu. Kiran da shugaban jam'iyyar, Julius Nyerere, yake yi ne suka ji, cewa matasa su koma gona su gina ƙasa da hannunsu, suka ɗauki maganar da gaske. Cikin shekara tara wannan sansani ya zama ƙauye mai makaranta da ɗakin shan magani da ruwan famfo, ya kuma zama uwa ga ƙauyuka 17 da suka haɗu a ƙarƙashin Ƙungiyar Raya Ruvuma, wadda aka fi sani da RDA. A watan Satumba na 1969 jam'iyyar da ta haifi samarin nan ta soke ƙungiyar, ta ƙwace dukiyarta, da hujjar cewa ita ce za ta yaɗa irin wannan zama a ƙasa baki ɗaya. Idan aka waiwayi labarin yau, bayan fiye da rabin ƙarni, abu ɗaya ne ya fi fitowa fili. Litowa ya rayu ne domin sanin ƙasa da ikon yanke shawara a kanta suna hannu ɗaya. Ranar da aka raba su, aka bar sani a ƙauye aka kai iko ofis, haɗin kan ya mutu, ita ma ƙasar ta ji a jikinta.

Ba za a fahimci wannan ba sai an fara da ƙasar kanta. Jihar Ruvuma tana can ƙuryar Tanzaniya, kogin Ruvuma ya raba ta da Mozambik ta kudu, tafkin Nyasa ya tokare ta ta yamma, kuma tsakanin Songea da Darussalam tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, a kan hanyar da a wancan zamani damina kan yanke ta. Dajin yankin shi ne wanda mutanen can suke kira miyombo: itatuwa dogaye masu laima, ba su cika cunkushewa ba, ciyawa tana girma a ƙarƙashinsu, gobara tana bi ta ciki da rani. Gab da faɗuwar ruwa itatuwan sukan yi toho ja wur kafin ganyen ya koma kore, daga nan sai namomin kaza su ɓullo, ƙudan zuma su cika amya. Damina ɗaya ce a shekara, daga wajen Nuwamba ko Disamba zuwa Afrilu, kuma ruwan ba laifi. Baƙon da ya ga wannan duhuwa zai ɗauka ƙasa ce mai albarka ƙwarai. Gaskiyar ita ce yawancin ƙasar miyombo tsohuwa ce, ruwa ya daɗe da wanke ƙarfinta, abin da ya rage na taki yana jikin itatuwa da ganyen da suke zubarwa. Idan aka share dajin aka shuka masara shekara uku ko huɗu a jere ba tare da taki ba, amfanin yakan faɗi warwas, ƙasar ta yi fari, ciyawar banza ta mamaye.

Manoman yankin, Ngoni da Ndendeule da Matengo, sun daɗe da sanin wannan, kuma zamansu ya bi abin da suka sani. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sukan yi sassabe, su ƙone rassa, su shuka tamba a cikin toka, su bi da masara da wake da rogo na 'yan shekaru, sannan su bar wurin ya zama saura har daji ya mayar da shi. Gidaje a warwatse suke domin kowane gida yana bukatar fili mai faɗi da zai riƙa juyawa a ciki, da ɗan fadama kusa don lambun rani. A kan duwatsun Mbinga kuwa, inda gangare ya yi tsanani, Matengo sun ƙirƙiro wata dabara da suke kira ngoro. Ana yanke ciyawa a jera ta layi-layi, a tsaye da a kwance, har gona ta rabu gida-gida. Sai mata su zo da fartanya su haƙe tsakiyar kowane gida, su ɗora ƙasar a kan ciyawar, kunya ta tashi ta ɓangare huɗu, rami ya zauna a tsakiya. Ana shuka wake ko masara a kan kunyar, ciyawar da aka binne tana ruɓewa ta zama taki, ramin yana tare ruwan sama da ƙasar da zai kwashe. Wata shekarar a mayar da rami kunya, kunya rami. Fiye da ƙarni guda ana noma gangaren nan ba su zaizaye ba. Babu jami'in gona da ya koyar da wannan. Idanun da suka shekara suna kallon yadda ruwa yake gudu a kan wannan dutse su suka gano shi.

Amma sanin ƙasa bai hana mutanen Ruvuma talauci ba, domin an karya su ta wata fuskar. A nan yaƙin Maji Maji na 1905 zuwa 1907 ya yi mummunar ɓarna. Jamusawa, masu mulkin ƙasar a lokacin, sun rataye sarakunan Ngoni a Songea a watan Fabrairu na 1906, suka ƙone gonaki da rumbuna, yunwa ta kashe mutane fiye da waɗanda harsashi ya kashe. Bayan haka yankin ya koma wurin ɗibar leburori. Majiya ƙarfi sukan taka zuwa gonakin sisal na bakin teku, inda ake fitar da zaren igiya da buhu, su shekara can a kan ɗan albashi, su bar mata da tsofaffi da noma. Wannan ne ya sa burin farko na samarin Litowa shi ne su kafa gonar sisal tasu ta kansu, don kada ɗan Songea ya sake barin gida neman kuɗin haraji. Daji bai karɓi wannan buri ba. Cikin 'yan watanni abinci ya ƙare, namun daji suka dame su, kukan zaki da dare ya karya zuciyar wasu, aka watse kowa ya koma gida. A 1961 waɗanda suka fi taurin zuciya suka dawo, kuma sun dawo da darasin da faɗuwar ta koya musu: ciki ake fara cikawa kafin a yi zancen kasuwa. Aka ajiye mafarkin sisal, aka kama masara da sauran abinci. Wannan gyara ya yiwu cikin shekara guda ne kawai domin waɗanda suka tsara shirin su ne suka kwana da yunwarsa, ba sai sun rubuta wa kowa takarda neman izinin canja shawara ba.

A wannan tsakanin Millinga ya tafi karatu Kwalejin Kivukoni a Darussalam, inda ya haɗu da Ralph Ibbott, wani Bature masanin aikin gine-gine wanda ya yi shekaru a gonar haɗin gwiwa ta St Faith's a Rodeshiya ta Kudu, wato Zimbabuwe ta yau. A 1963 Ibbott da matarsa Noreen da 'ya'yansu suka tare a Litowa bisa gayyatar mutanen ƙauyen, a matsayin mai ba da shawara, ba mai ba da umarni ba. Tsarin da ya kankama mai sauƙi ne. Akwai babbar gona ta kowa da kowa, kowane gida kuma yana da ɗan fili nasa. 'Yan ƙauye ne suke zaɓen shugaba da manajan aiki da ma'aji, su ne kuma suke iya sauke su. Sukan ci abinci tare, kuma a wurin cin abincin ake baje maganar aiki: wace gona za a fara nomewa, wa zai kwana gadin masara saboda aladen daji da gwaggon biri, me za a yi da kuɗin da aka samu, wa ya yi lalaci a makon nan. Mata membobi ne masu bakin magana da rabo. An kafa wurin renon yara don uwa ta sami zuwa gona hankalinta kwance, aka kuma mai da hankali kan abincin ƙananan yara. Tsoho da majinyaci suna da kasonsu ko ba su fita aiki ba. Ko ta fuskar daji ma haɗuwar ta yi amfani, domin gadin gona ɗaya mai faɗi ya fi sauƙi a kan gadin ƙanana ashirin da ke warwatse a cikin kurmi.

A nan akwai wani kuskure da ya kamata a kauce masa, wanda mutane da yawa suka faɗa ciki a wancan lokaci. An yi ta cewa haɗin kai ɗabi'ar ɗan Afirka ce tun kaka da kakanni, don haka da zarar an tara mutane wuri ɗaya za su koma noma tare. Manomin ƙasar Hausa ya san inda wannan magana ta yi rauni. Gayya taimako ce: a taru a nome gonar wane yau, gobe a koma ta wane, amma idan kaka ta yi kowa rumbunsa yake zuba hatsinsa. Ko a gandu, inda rumbu ɗaya ne, jini ne ya haɗa mutane kuma akwai maigida da ake jin maganarsa. Haka al'adar taimakon juna take a karkarar Tanganyika. Abin da Litowa ya gwada sabo ne: mutanen da ba uwa ɗaya ba uba ɗaya su zuba guminsu a rumbu ɗaya, su yarda cewa rabo zai zo daidai. Irin wannan amana ba a gadonta, gina ta ake yi, damina bayan damina, ta hanyar lissafin da ake karantawa a gaban kowa da kuma ganin an sauke shugaban da ya gaza ba tare da an yi faɗa ba. Shi ya sa ƙauyukan RDA ba su yi girma ba. Gaba ɗayansu 'yan ɗaruruwan iyalai ne. Ƙanƙantar ba rauni ba ce. Ita ce ta sa kowa ya san aikin kowa, ita ce kuma ta sa gonaki ba su yi nisa da gida ba, dajin da ke kewaye bai sha nauyin da ya fi ƙarfinsa ba.

Da labari ya bazu, wasu ƙungiyoyin manoma na Ruvuma suka fara zuwa Litowa neman shawara, a haka aka kafa RDA. Ƙauyuka ne suka mallaki ƙungiyar, ba ita ta mallake su ba, kuma ba ta tsoma baki a harkar cikin gida ta kowane ƙauye. Idan sabon ƙauye ya nemi taimako, sai a tura masa gogaggun mutane su zauna da shi, su yi aiki tare. Ƙungiyar ta sayi injin niƙan hatsi a garin Songea, daga baya ta ƙara da injin tsaga katako, ta yadda ribar masara da ta itacen dajin za ta tsaya a hannun masu su. Aka koyi kaɗi da saƙa da gini da gyaran inji. Makarantar Litowa ta karɓi yara daga sauran ƙauyukan, ta haɗa karatu da aikin gona da sana'a, da niyyar yaro ya gama ya zauna ya amfani garinsu maimakon ya gudu birni neman aikin akawu. Shugaban ƙasa Nyerere ya ziyarci Litowa da kansa, ya ga wannan da idonsa. Bayan Sanarwar Arusha ta Fabrairu 1967, wadda ta shimfiɗa manufofin jam'iyya, takardun da ya fitar a wannan shekara kan ilimi don dogaro da kai da kuma kan ujamaa, wato zama da aiki tare, a karkara sun yi kama ƙwarai da abin da ake yi a Litowa. A cikinsu ya nanata cewa ƙauyen ujamaa ba ya kafuwa da tilas, kuma mazaunansa ne za su mulki kansu.

Hujja mafi ƙarfi a kan darajar wannan hanya ita ce abin da ya faru da kishiyarta a daidai wannan lokaci. Tun farkon shekarun 1960, bisa shawarar Bankin Duniya, gwamnati ta kafa nata ƙauyukan na zamani. Aka zuba kuɗi masu yawa, aka kawo taraktoci, aka gina gidaje, aka naɗa manajoji masu albashi, aka kwaso manoma aka ba su abinci kafin amfani ya nuna. Manoman suka ɗauki kansu ma'aikatan gwamnati, tunda ba su suka zaɓi wurin ba, ba su suka zaɓi abin shukawa ba, kuma bashin da ke kan gonar ba su suka ci shi ba. A 1966 gwamnati da bakinta ta amsa cewa shirin ya ci kuɗi bai haifar da komai ba, ta dakatar da shi. Litowa da ya fara da gatari da fartanya yana nan yana ci gaba. Duk da haka jami'an jihar Ruvuma ba su ji daɗin ƙauyukan RDA ba, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fi samun saɓani shi ne taba. Hukuma tana son kowane manomi ya shuka tabar da ake busarwa da hayaƙin wuta, domin ita ce mai kawo kuɗin shiga. Ƙauyukan sun fi son su tabbatar da abinci tukuna. Wanda ya san miyombo ya san taba tana cin ƙasa ta ci daji: tana son sabon wuri, tana jan aiki a daidai lokacin da masara take bukatar hannu, kuma busar da ita yana lashe itace mai yawa. Jami'i yana lissafin buhunan da zai rubuta a rahoto, manomi yana lissafin abin da zai saura a gonarsa bayan shekara biyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙin bin umarni irin wannan ne ya tara wa ƙungiyar maƙiya. Ƙauyen da yake da injinsa da motarsa da makarantarsa da asusunsa, wanda zai iya ce wa kwamishina a'a cikin ladabi, abin tsoro ne ga duk wanda matsayinsa ya dogara da a ce masa to. Manyan jam'iyya suka ga cewa idan irin waɗannan ƙauyuka suka yawaita, ba za a bukace su ba. A ranar 24 ga Satumba 1969 kwamitin tsakiya na TANU ya zauna, mutum 21 daga cikin 24 suka goyi bayan a soke RDA, jam'iyya ta karɓi ragamar duk ƙauyukan ujamaa. Aka aika minista Songea ya sanar. Aka ƙwace injin niƙa da na katako da motoci da kayan aiki, aka warwatsa malaman makarantar zuwa wasu sassan ƙasa, Ibbott da iyalinsa suka bar Tanzaniya. Ba a daɗe ba noman tare ya tsaya a kusan dukkan ƙauyukan. Matetereka, can arewacin jihar, shi ne ya jure ya ci gaba da nasa tsarin shekaru masu yawa. Gonakin suna nan, mutanen suna nan, ruwan sama bai canja ba. Abu ɗaya aka cire, wato ikon mutane a kan abin da suka tara, sai komai ya kwance.

Abin da ya biyo baya ya nuna illar a faɗin ƙasa. A Nuwamba 1973 Nyerere ya sanar cewa zama a ƙauye ya zama dole, kuma a gama kafin ƙarshen 1976. A alƙaluman gwamnati, mazauna ƙauyukan da aka tsara sun tashi daga kimanin miliyan 2 zuwa kimanin miliyan 13 a wannan ɗan lokaci. Miliyoyin mutane aka tasa daga gidajensu, wasu a cikin manyan motoci, a wasu wurare har da rushe gidaje da ƙone su don kada a koma. Sau da yawa jami'in da ya zaɓi mazaunin bai duba ƙasa ko ruwa ba, titi ya duba, domin a jera gidaje a bakin hanya inda mota za ta iso. A ƙasar da takinta yake jikin itace, tara ɗaruruwan gidaje wuri ɗaya yana da sakamakon da kowane tsohon manomi zai iya faɗa tun kafin a fara. Gonakin kusa da gari aka yi ta nomawa ba hutu har suka gaji, na nesa suka yi nisan da ba a iya gadinsu, itacen girki ya yi ta ja da baya, dabbobi suka tattake bakin rafi. A 1974 da 1975 Tanzaniya ta shigo da hatsi mai yawa daga waje. Fari yana da hannu a ciki, ba a musun wannan, amma tayar da manoma daga gonakinsu a irin wannan lokaci ya ƙara wa ciwon zafi. Noman tare kuwa, wanda don shi aka faro tafiyar, ya koma ɗan fili da ake zuwa don gudun tara.

Akwai masu cewa hanyar Litowa ta yi jinkiri, kuma maganarsu tana da nauyi. Ƙauyuka 17 cikin shekara tara, a ƙasar da take da mutane fiye da miliyan 12, yawancinsu a karkara, yara suna mutuwa da cututtukan da ake iya magancewa: wane shugaba ne zai zauna yana jiran amana ta tsiro gida-gida? Amsar ita ce a auna da abin da saurin ya haifar. An tara mutane cikin shekara uku, amma ba a sami haɗin kan noma ko na shekara ɗaya ba, kuma an ɓata sunan noman tare a zuciyar manoma har na tsawon zamani. Sannan lissafin 17 ɗin ma bai cika adalci ba, domin ƙungiyar tana cikin girma aka sare ta, kuma ta yi wannan girma ne jami'an jiha suna yi mata ƙafar ungulu. Hanyar yaɗuwarta, manomi ya je ya gani a wurin manomi ɗan'uwansa ya dawo ya gwada, ita ce hanyar da sabon iri da sabuwar dabara suke bi su cika ƙasa tun fil azal. Tana farawa a hankali, amma abin da ta kafa yana zama.

Wasu kuma suna cewa Litowa bai tsaya da ƙafarsa ba: akwai Bature a ciki, akwai kuɗin ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam da War on Want, akwai kuma inuwar shugaban ƙasa. Duk wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye shi don a ƙawata labari ba. Injin niƙa da bututun ruwa ba daga cinikin masara kaɗai suka fito ba. Sai dai ƙauyukan gwamnati da suka rushe a 1966 sun sami kuɗi da ƙwararru ninkin-ba-ninkin abin da Litowa ya samu. Da taimakon waje ne sirrin, da su ne suka yi fice. Bambancin yana wajen wanda yake riƙe da linzami. A Litowa taimako yakan zo ne bayan mutane sun fara abu da hannunsu sun kuma nemi a ƙara musu, kuma taron ƙauye yana da ikon ƙin shawarar mai ba da shawara. Taimakon da ya tarar da mutane a tsaye yana ƙara musu tsawo. Wanda ya zo ya tsara musu rayuwa yana mayar da su 'yan kallo a gonarsu.

Hujja ta uku ta masu suka ita ce mafi ƙarfi. Tara mutane a ƙauyuka ya sa an iya kai makaranta da asibiti da rijiya inda ba a taɓa kaiwa ba. A 1977 Tanzaniya ta shiga shirin ilimin firamare ga kowane yaro, yaƙi da jahilci ya yi nasarar da ƙasashe da yawa suka yi sha'awa, kuma ƙasar ta sami haɗin kan da maƙwabtanta da dama suka rasa. Ba daidai ba ne a raina wannan. Amma Litowa ya riga ya sami makaranta da magani da ruwa ba tare da an ƙone gidan kowa ba, kuma mutane suna matsowa da kansu inda suka ga amfani. Da an kafa rijiya da makaranta an bar su su ja jama'a, an kuma bar dattawan wuri su nuna inda ƙasa za ta iya ɗaukar gari, da an sami yawancin alherin ba tare da yawancin ɓarnar ba. A nan ne kuma alhaki yake komawa kan Nyerere kansa. Mutum ne mai gaskiya da tsantseni, wanda ya sauka daga mulki da kansa a 1985, ya kuma fahimci Litowa fiye da duk wanda ke kewaye da shi. Duk da haka ya bar kwamiti ya rushe ƙungiyar, bayan shekara huɗu kuma ya ba da umarnin da ya saɓa wa abin da ya rubuta da hannunsa. Darasin ya fi ciwo saboda nagartarsa: kyakkyawar niyyar shugaba ba ta maye gurbin haƙƙin talaka na ya ce a'a.

Tanzaniya da kanta ta sake tabbatar da wannan daga baya, kuma a kan daji ta tabbatar da shi. A jihar Shinyanga, wadda sarewar itace da yawan kiwo suka mayar kamar hamada, shirin farfaɗo da ƙasa na HASHI da aka fara a 1986 bai yi nisa da dashen itatuwan da aka kawo daga waje ba. Ya sami nasara ne lokacin da ya koma ga ngitili, tsohuwar al'adar Sukuma ta keɓe wani yanki a hana kiwo da sara a cikinsa har damina ta wuce, dokar tana hannun mutanen gari da dattawansu. Dubban ɗaruruwan hekta suka farfaɗo ta wannan hanya. A Duru-Haitemba da ke gundumar Babati, wani dajin miyombo da gwamnati ta so ta mayar gandun daji nata, mutane suka yi ta sara kafin a rufe musu shi. A tsakiyar shekarun 1990 aka juya shawara aka damƙa wa ƙauyukan da ke kewaye, suka raba iyaka, suka kafa dokoki, suka sa masu sintiri daga cikinsu, daji ya fara dawowa. Dokar filayen ƙauye ta 1999 da dokar gandun daji ta 2002 sun ba irin wannan tsari gindin zama. Abin da aka soke a Songea a 1969 shi aka dawo ana nema bayan shekara 25, da wani suna, bayan an yi asarar ƙasa da itace da amana.

Saboda haka, duk inda aka ce an kafa ƙungiyar manoma, a Ruvuma ne ko a wani wuri, yawan membobi da kyan takardar rajista ba su ne abin tambaya ba. A tambaya wa ya zaɓi abin da za a shuka, wa yake riƙe da makullin rumbu, ko membobi za su iya sauke shugabansu, ko kuma za su iya mayar da shawarar jami'i idan sun ga ba ta dace da ƙasarsu ba. Ƙungiyar da aka kafa don a karɓi taki ko rance takan watse ranar da rabon ya ƙare, domin ba abin da ta mallaka sai layi. Wadda mutane suka gina a kan gonar da suka sani tana iya faɗuwa, kamar yadda kowane aikin ɗan Adam yake faɗuwa, amma tana da hanyar gane kuskurenta da wuri ta gyara. Aikin hukuma a nan babba ne: hanya, kasuwa mai adalci, binciken iri, malamin gona mai sauraro, da doka mai kare filin ƙauye da asusunsa daga hannun mai ƙarfi, ko da mai ƙarfin ita hukumar ce. Abin da ba nata ba shi ne ta zauna a kujerar taron ƙauye. Gwamnatin da take son ganin manoma sun haɗa kai dole ta shirya jin a'a daga bakinsu, domin ƙauyen da ba shi da ikon ƙin umarni ba shi da ikon riƙe amanar ƙasarsa.